Tsohon wasan da aka daina sayarwa: ta wace ƙofa za ka ɗauko shi?

Wata rana sai wani tsohon wasan kwamfuta ya faɗo maka a rai. Wataƙila kiɗansa ka ji a wani wuri, wataƙila sunan ne kawai ya dawo maka bayan shekara 20. Ka rubuta sunan a intanet. Kamfanin da ya yi shi ya daɗe da rufe ƙofa, faifanka na da ya ɓace ko ya karce, kwamfutar da ke gabanka ma ba ta da ramin saka faifai. Amma ga shafuka nan birjik, kowanne da maɓallinsa yana kiranka ka sauke. A ido duk kamarsu ɗaya. A gaban doka sun sha bamban, haka nan a ma'aunin adalci, kuma abin da ya sa zancen ke da wuya shi ne ma'aunan nan biyu ba kullum suke nuna abu guda ba. Na daɗe ina juya wannan lamari a zuciyata, domin ina son waɗannan wasanni, ina kuma ganin girman mutanen da suka yi su, ba na son in riƙe ɗaya in zubar da ɗaya.

Bari in fara da abin da masoyan shafukan ba su cika son ji ba. Sunan da ake kiran irin waɗannan wasanni da shi a Turance, abandonware, ma'ana manhajar da aka yi watsi da ita, masu wasa ne suka raɗa shi. Doka ba ta san shi ba. A ƙarƙashin yarjejeniyar Berne, wadda aka ƙulla tun 1886 kuma yau ƙasashe sama da 180 ke cikinta, haƙƙin mallaka yana tabbata da zarar an ƙirƙiri aiki, ba sai an yi rajista ba, kuma ba ya faɗuwa don mai shi ya daina sayarwa. Tambarin kasuwanci ne mai shi kan iya rasawa idan ya bar amfani da shi, kuma a nan mutane da yawa ke rikicewa. A Amurka, inda aka yi yawancin manyan shari'un wannan fanni, aikin da kamfani ya mallaka yana da kariyar shekara 95 daga fitowarsa. Wasan da ya fito a 1990 ba zai zama na kowa ba sai an shiga 2086. Idan kuma kamfani ya karye, haƙƙin ba ya mutuwa tare da shi. Kadara ne kamar tebura da kujerun ofis, yana faɗawa hannun masu bin bashi ko hannun wani kamfanin da ya sayi ragowar.

Saboda haka duk shafin da ya rubuta maka cewa abin da yake rabawa halas ne a doka tunda an daina sayarwa, ko dai bai sani ba ko yana ruɗinka. Haka ma tsohuwar maganar nan da ake yawan gani, wai babu laifi in ka goge wasan cikin awa 24. Ba ta da tushe ko kaɗan.

To me ya sa mutanen kirki, har da masana tarihi da ma'aikatan ɗakunan karatu, ke kare waɗannan shafuka? Domin faifan filofi, tsohon faifan ajiyar bayanai na kwamfuta, ba zai jira 2086 ba. Maganaɗisun da ke riƙe da bayanan yana raunana, faifan CD yana lalacewa, na'urorin da ke karanta su suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A watan Yuli na 2023 gidauniyar Video Game History Foundation tare da Software Preservation Network suka fitar da bincike a kan wasannin da aka saki a Amurka kafin 2010. Sun samu kashi 87 cikin 100 ba a sayar da su yanzu ta kowace halastacciyar hanya. Kashi 13 kawai ke kasuwa. An taɓa ganin irin wannan asara a wani fanni: binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya wallafa a 2013 ya nuna kusan kashi 70 na dogayen finafinan Amurka na zamanin da ba a sa murya sun ɓace kwata-kwata. Masu su a lokacin ba su ga dalilin kashe kuɗi a kan ajiye abin da ya gama kawo riba ba.

Wannan shi ne filin da za ka yi zaɓi a cikinsa. Ƙofofin kuwa ga yadda nake ganinsu.

Ta fi kowacce sauƙi ita ce ta kanti. A 2008 kamfanin CD Projekt na Poland ya buɗe GOG, shagon intanet da ya fara da sana'ar neman masu haƙƙin tsofaffin wasanni, ya ƙulla yarjejeniya da su, ya gyara wasan ya yi aiki a kwamfutar zamani, sannan ya sayar ba tare da makullin da ke hana kwafi ba. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato: kana iya sauke fayil ɗin sakawa ka ajiye a rumbunka, ko shagon ya rufe gobe wasan yana hannunka. A Steam ma, wani babban shagon wasanni na intanet, akwai tsofaffin wasanni da yawa, sai dai a can izinin amfani kake saya, kuma yawanci kana ɗaure da manhajar shagon.

Labarin System Shock 2 ya isa ya nuna maka dalilin da ya sa ba za a tsallake wannan ƙofa ba. Wasan ya fito a 1999. Looking Glass Studios, ɗaya daga cikin kamfanoni biyu da suka yi shi, ya rufe a 2000. Shekara da shekaru ba a samunsa sai a shafukan 'yan sa kai ko a hannun masu sayar da tsofaffin faifai, kowa ya ɗauka maraya ne. Ashe haƙƙin yana hannun wani kamfanin inshora na Amurka da ya gaje shi bayan karyewar. Wani masoyin wasan mai suna Stephen Kick ya bi sawu har ya gano su, ya kafa Nightdive Studios, kamfanin farfaɗo da tsofaffin wasanni, a 2012, kuma a Fabrairun 2013 wasan ya dawo kasuwa a GOG. Abin da ake kira yasasshe ashe yana da mai shi, barci kawai yake yi. Duk wanda ya sauke wasa yau a kan cewa babu mai shi, ya sa a ransa gobe mai shi na iya farkawa.

Kantin yana da nasa giɓi. Mai haƙƙi na iya janye kayansa duk ranar da ya ga dama. A Disambar 2024 an cire Warcraft na farko da na biyu daga GOG bisa buƙatar Blizzard, wata ɗaya kacal bayan shagon ya ƙaddamar da shirinsa na alkawarin kula da tsofaffin wasanni. Waɗanda suka riga suka saya sun tsira da nasu, wanda ya makara kuwa sai ya nemi wata hanya. A Maris na 2023 Nintendo ya rufe shagunan intanet na na'urorin wasansa 3DS da Wii U, wasannin da ba a taɓa buga su a kaset ko faifai ba suka rasa inda za a saye su. Kuma kada a manta, kanti duk faɗinsa a cikin kashi 13 ɗin nan yake yawo.

Akwai wata ƙofa da mutane ke wucewa ba su lura ba, alhali ita ce mafi tsabta: wasannin da masu su suka saki kyauta da bakinsu. Revolution Software ya saki Beneath a Steel Sky a 2003. Bethesda ya saki Arena a 2004, Daggerfall a 2009. Electronic Arts ya saki Command & Conquer na farko a 2007, Red Alert a 2008. A nan doka da zuciya duk sun natsu. Sai dai a kula da bambanci ɗaya: sakin asalin rubutun manhaja, wato umarnin da aka rubuta aka gina ta da shi, daban, sakin wasan daban. Kamfanin id Software ya buɗe rubutun injin Doom a 1997, shi ya sa wasan ke gudana a kusan kowace na'ura a yau, amma hotuna da matakai da sautin cikakken wasan har yanzu sayar da su ake yi.

Sai ƙofar ma'ajiyai: ɗakunan karatu, gidajen tarihi irin su The Strong da ke Rochester a jihar New York da gidan tarihin wasannin kwamfuta na Berlin, da kuma Internet Archive, ƙungiyar da ba ta neman riba wadda Brewster Kahle ya kafa a 1996. A farkon 2015 Internet Archive ta ɗora wasannin MS-DOS, tsohon tsarin sarrafa kwamfuta, kimanin 2,400 da ake iya bugawa kai tsaye a burauza, ta ƙara wasu 2,500 a 2019. Mutane da yawa sun ɗauka tunda babbar cibiya ce, duk abin da ke cikinta doka ta wanke shi. Lamarin bai kai nan ba. Dokar Amurka ta 1998 da ake kira DMCA ta haramta fasa makullin kariya na manhaja, amma duk shekara uku ana zama a ba da wasu rangwame. A 2015 an yarda a fasa makullin wasan da kamfani ya kashe sabar da ke tantance shi, wato kwamfutar kamfanin da wasan ke tuntuɓa ta intanet, a 2018 aka faɗaɗa wa ɗakunan karatu da gidajen tarihi damar adanawa. Rangwamen na fasa makulli ne don a adana, bai zama lasisin raba wa duniya ba. Kuma a Oktoban 2024 Ofishin Haƙƙin Mallaka na Amurka ya ƙi amincewa da roƙon a bar ɗakunan karatu su ba masu bincike damar buga wasannin da aka daina sayarwa daga nesa ta intanet. Ƙungiyar kamfanonin wasanni, ESA, ta yi adawa da roƙon, tana cewa jama'a za su mayar da damar wajen nishaɗi kyauta.

Ka duba abin da wannan ke nufi ga ɗalibin da ke son nazarin wani wasa na 1988. Littafin wannan shekara zai iya aro, fim ɗin wannan shekara zai iya nema ta hanyoyi da dama, wasan kuwa sai ya yi tattaki zuwa ginin da kwafin yake, ya zauna a gaban na'urar. Wannan hukunci ya ɓata mini rai ƙwarai, domin waɗanda suka bi doka sau da ƙafa su aka rufe wa ƙofa, shafukan da ba ruwansu da doka kuwa ba abin da ya same su. Duk da haka, idan burinka ka ɗanɗana wasa na awa ɗaya ko ka ga yadda yake, ma'ajiya irin Internet Archive ita ce mafi kwanciyar hankali a cikin hanyoyin da ba na kanti ba: an san ko su wane ne, ba talla suke ci da kai ba, suna sauke abin da mai haƙƙi ya nemi a sauke. Ba ta fi ƙarfin kotu ba, don ta sha kaye a shari'ar da manyan kamfanonin buga littattafai suka kai ta a kan aron littattafan dijital, ta kuma faɗi a ɗaukaka ƙara a Satumbar 2024.

Yanzu mun iso inda gardamar take da gaske, wato shafukan 'yan sa kai da ke tara tsofaffin wasannin kwamfuta. Ɗaya daga cikin na farko-farko shi ne Home of the Underdogs, wanda Sarinee Achavanuntakul, marubuciya 'yar Tailan, ta kafa a 1998. Shafin bai tsaya ga jibga fayiloli ba. Kowane wasa yana da sharhinsa, an faɗi wanda ya yi shi da dalilin da ya sa ya cancanci a tuna da shi, an haɗa da littafin bayaninsa. Wanda ake sayarwa kuwa sai a nuna maka inda za ka saya. Ya ɓace daga intanet a 2009, masoyansa suka yi ta ƙoƙarin farfaɗo da shi. Wasu shafukan da suka biyo baya, irin su My Abandonware, sun riƙe wannan ɗabi'a: da zarar wasa ya dawo kasuwa sai a cire maɓallin saukewa a sa hanyar zuwa kanti.

A doka, wannan ladabi ba ya wanke su. Raba kwafi ba da izini ba keta haƙƙi ne, ko da niyya ta yi kyau. Amma a ma'aunin adalci ina ganinsu kamar mutumin da ya yi tsintuwa a hanya. Akwai mai tsintar da ke sa abu a aljihu ya yi gum. Akwai kuma wanda ke ɗaga shi sama ya yi cigiya, ya kula da shi kada ya lalace, ranar da mai shi ya bayyana ya miƙa masa ba gardama. Dukansu abin wani ne a hannunsu, amma ba wanda zai kira su da suna ɗaya. Inda misalin ya gaza, kuma dole in faɗa, shi ne mai tsintuwa na gaskiya ba ya raba wa jama'a abin da ya tsinta, shafin kuwa rabawa yake yi. Abin da ya rage nauyin wannan shi ne kwafin dijital ba ya cinye na asali; mai shi in ya dawo zai tarar da haƙƙinsa yadda ya bar shi. Abin da zai iya raguwa shi ne yawan masu saye, kuma zan dawo kan wannan.

Wasan da ya fi sa ni tsayawa a bayan waɗannan shafuka shi ne No One Lives Forever, wanda Monolith ya yi a 2000, Fox Interactive ya fitar. Daga baya aka yi ta saye da haɗewar kamfanoni: Fox Interactive ya shiga hannun Vivendi, sashen wasannin Vivendi ya haɗe da Activision, Monolith kuma ya koma Warner Bros. Da Nightdive ya so ya dawo da wasan a 2014, ya ƙwanƙwasa ƙofar Warner da Activision da 20th Century Fox. Aka rasa wanda zai tabbatar da iyakar abin da ya mallaka, don tsofaffin takardun yarjejeniyar suna can cikin akwatuna, amma kuma ba wanda ya yarda ya ce ya yafe. A 2015 Nightdive ya haƙura. A 2025 aka rufe Monolith ɗin kansa. Ga mai saye da kuɗi a hannu, ga mai son gyarawa ya sayar, ga wasan da masana ke yabo, amma babu wanda zai karɓi kuɗin. Wanda ya sauke wannan wasa daga shafin 'yan sa kai ya saɓa wa harafin doka, amma ni dai na kasa nuna mutumin da ya cuta.

Tarayyar Turai ta yi dokar ayyukan da ba a san masu su ba a 2012, Birtaniya ta buɗe tsarin ba da lasisinsu a 2014, a Amurka kuwa ƙoƙarin yin irin wannan doka ya mutu a majalisa. Ko inda dokar take, an yi ta ne don aikin da aka nemi mai shi aka rasa. Matsalar yawancin wasanni daban ce: an san gidan, masu gidan ne suka ƙi leƙowa.

Ƙofa ta ƙarshe ita ce manyan rumbunan da ke tara kwafin kaset da faifan na'urorin wasa na talabijin, abin da ake kira ROM, dubbai a wuri guda, ba tare da tantance wanda ke kasuwa da wanda ba ya kasuwa ba. A nan ne guduma ta fi sauka. A 2018 Nintendo ya kai masu LoveROMs da LoveRetro ƙara, aka ƙare da hukuncin biyan sama da dala miliyan 12. Da jin an shigar da ƙarar sai shafin EmuParadise, wanda ya shekara 18 yana aiki, ya kwashe wasanninsa da kansa. A 2021 kotu ta ɗora wa mai RomUniverse dala miliyan 2.1, shi kuwa har kuɗin zama mamba yake karɓa don a sauke da yawa. Dokar Amurka ta ba da damar cin tarar da ta kai dala 150,000 a kan kowane aiki guda idan an keta da gangan, shi ya sa alƙaluman ke tashi haka. Ka lura, a duk waɗannan shari'u masu shafukan aka kai ƙara, ba masu saukewa ba. Wannan bayani ne game da inda haɗari ya fi yawa, bai mayar da saukewar halas ba, kuma dokar kwafin amfanin kai ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Ba zan ce waɗannan rumbuna ba su adana komai ba. Akwai wasannin da ba don su ba da tuni an manta da su. Amma shafin da ya jera wasan da ya ɓace tun 1987 kusa da wanda ya fito bara, ya cika fuska da talla, yana karɓar kuɗin mamba, kalmar adanawa riga ce kawai ya ara ya yafa. Kuma irinsa ne ke ja wa masu aikin gaskiya baƙin jini, domin duk lokacin da ɗakin karatu ya je neman rangwame, su ake nunawa a ce ga abin da zai faru. Ga kuma haɗarin da ya shafe ka kai tsaye: maɓallan ƙarya, da fayilolin sakawa da aka cusa wa muguwar manhaja.

Kada a haɗa wannan da manhajar kwaikwayo, wadda ke sa kwamfutar yau ta yi shigar tsohuwar na'ura. A 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba Connectix gaskiya a kan Sony game da manhajar da ke kwaikwayon PlayStation. DOSBox da ScummVM da MAME ayyukan 'yan sa kai ne a fili, kuma yawancin wasannin DOS da za ka saya a GOG a cikin DOSBox suke gudana. Wato kantin halas ɗin ma a kan gumin masu sa kai yake tsaye. Inda manhajar kwaikwayo ke shiga uku shi ne idan ta taɓa makullin na'urar da ke kasuwa yanzu, kamar Yuzu mai kwaikwayon Nintendo Switch, wadda masu ita suka amince da biyan dala miliyan 2.4 suka rufe a 2024.

Ya kamata a saurari ɓangaren kamfanoni da kunnen adalci, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Sabunta tsohon wasa yana cin kuɗi: lauyoyi su warware haƙƙi, a sake sayen izinin kiɗa, injiniyoyi su gyara. Idan kowa ya riga ya samu kyauta, wa zai zuba wannan jari? Kuma mai abu yana da ikon ya ce ba yanzu ba. Na yarda da rabin wannan. Ɗaya rabin kuwa tarihi bai goyi bayansa sosai ba: System Shock 2 ya yi shekaru yana yawo a shafukan kyauta, kuma wannan yawon ne ya hana a manta da shi har aka samu masu ɗokin saye ranar da ya dawo. Wasan da ba wanda ya taɓa shi shekara 25 ba shi da kasuwar da za a kare masa. Sai dai hujjar tawa tana tsayawa ne kawai idan waɗanda suka sauke kyauta sun saya ranar da aka kawo. In ba su saya ba, kamfanin ne ke da gaskiya.

Wasu kan ce mafita ita ce a sayi tsohon faifai na asali a hannun wani. A doka wannan daidai ne, kuma in kana son kwalin da littafin a hannunka, babu kamarsa. Amma kada ka ɗauka ka taimaki wanda ya yi wasan. Ko sisi ba ya isa gare shi, ba ya isa ga kamfanin ma. Hasali ma ko a kanti ka saya, sau da yawa kuɗin na zuwa ne ga wanda ya gaji takarda, domin masu zane da masu rubuta manhaja ma'aikata ne, haƙƙin bai taɓa zama nasu ba. Duk da haka sayen yana da amfani ta wata fuska: shi ne ke nuna wa masu riƙe da sauran wasannin cewa buɗe akwatin takardun nan zai biya.

Akwai kuma wasannin da babu ƙofar da za ta kai ka gare su. Da Ubisoft ya kashe sabar The Crew a ƙarshen Maris na 2024, wasan ya daina aiki har a hannun waɗanda suka saya, domin rabinsa a kwamfutar kamfani yake zaune. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe wasanni, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan 1 a 2025. Tsohon wasan DOS ya fi wasan jiya sauƙin ceto, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya fifita sayen abin da zai iya ajiyewa a rumbunsa.

To in ni ne a gaban allon nan, ga yadda nake yi. Ina fara duba kantuna da shafin kamfanin, in yana nan in saya, ko da kwafin kyauta yana gefe yana kallona. A wannan hali babu wata hujjar adanawa da ta rage, son banza ne kawai. In mai shi ya saki kyauta, in ɗauko daga inda ya saki. In babu ko ɗaya, sai in leƙa ma'ajiya, in kuma ina son kwafin da zan riƙe, in je shafin 'yan sa kai ina sane da cewa doka ba ta tare da ni. Kafin in taɓa maɓalli nakan gwada shafin da gwaji ɗaya mai sauƙi: in nemi wani tsohon wasa da na tabbata ana sayar da shi yanzu. In ya tura ni kanti, masu riƙon amana ne. In ya miƙo mini shi kyauta, sai in rufe shafin, ko da yana da wanda nake nema. Nakan kuma duba ko suna neman kuɗi don a sauke da sauri, ko sun rubuta sunayen waɗanda suka yi wasan, ko akwai hanyar da mai haƙƙi zai ce a cire a cire. Wasan da na ɗauko ta wannan hanya ina lissafa shi bashi ne a kaina, ranar da ya dawo kasuwa in biya.

Idan kuma tambayarka ita ce ina za ka ba da gudummawa, ta kuɗi ko ta lokaci, a nan ba na jinkiri: ma'ajiyai da masu rubuta manhajar kwaikwayo da ƙungiyoyin da ke zuwa gaban hukuma duk shekara uku suna neman a sassauta doka. Buɗe naka shafin rabawa kuwa wani abu ne daban da saukewa, domin alƙaluman kotun da na ambata a kan masu rabawa suka faɗa.

Wataƙila ma kai ne ke riƙe da abin da ake nema. A 2012 mahaifin Jordan Mechner, wanda ya ƙirƙiri wasan Prince of Persia, ya aiko masa da wani kwali da ya tarar a bayan kabad, a ciki akwai faifan filofi masu ɗauke da asalin rubutun Prince of Persia na 1989, wanda shi Mechner ya daɗe da fid da rai. Sai da aka kira masana da tsofaffin na'urori kafin a karanto su, sannan ya ɗora rubutun a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, kowa ya gani. In kana da irin wannan kwali, da faifai ko kaset ko littafin bayani ko mujallar wasanni ta da, kafin ka zubar ka rubuta wa ɗaya daga cikin gidajen adanawan nan ka tambaye su ko suna da irinsa.